Babi na Bakwai: Wutar da ke Ɓoye Cikin Tururi

Duk masana'antar da ke dafa wani abu, ko busar da shi, ko rina shi, tana da tukunyar tururi a can ƙuryar harabarta. Kamfanin sukari yana dafa ruwan rake har ya yi kauri, kamfanin shinkafa yana turara shanshera kafin a cashe ta, masaƙa tana rini da busarwa, matatar man gyaɗa da na waken suya tana ɗumama mai kafin ta tace shi. Tukunyar, wadda ma'aikata ke kira boila, yawanci tana fitar da tururi mai matsi fiye da abin da aikin ke bukata, domin tururi mai matsi ya fi sauƙin tafiya nesa cikin siririn bututu. Ana auna matsin da wani ma'auni mai suna bar, kuma don a ji girmansa, iskar da ake yi wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da ɗan ɗoriya ba. To tururin yakan baro tukunya da bar 20, alhali tukwanen dahuwa bar 4 kawai suke so. Sai a bi da shi ta wani bawul mai rage matsi, ya shiga da ƙarfinsa, ya fito matsinsa ya ragu. Bawul ɗin ba ya juya komai, ba ya ɗaga komai, ƙara kawai yake yi dare da rana. Abin da ke salwanta a wannan ɗan wuri shi ne batun wannan babi, tare da tambayar da ta fi muhimmanci ga mai jari: yaushe ne tsince shi yake da riba?

Wanda ya san madatsar ruwa ta Kainji ya riga ya san rabin amsar. Ruwan Kwara dole ne ya gangara, ko da dam ko babu. Hikimar ita ce a sa farfela a kan hanyarsa, ya juya ta sannan ya wuce abinsa zuwa Jebba. Haka tururi yake. A madadin bawul ana iya dasa ƙaramar farfelar tururi, wadda injiniyoyi ke kira tabain, tururin ya bugi fukafukanta, ta juya janareta, shi kuma ya fito ta ɗaya gefen da matsin da ake so, ya tafi aikinsa na dahuwa. Fasahar ba sabuwa ba ce, kuma abin mamaki, ƙaramar ta girmi babbar. Farfelar farko da Charles Parsons ya ƙera a Ingila a 1884 kilowat 7.5 kacal take bayarwa, abin da janaretan wani shagon walda zai iya yi a yau. Gustaf de Laval na Suwidin kuwa, da ya ƙera tasa a cikin shekarun 1880, damuwarsa ita ce injin raba madara da mai. Daga baya ne aka yi ta girmama na'urar har ta zama ƙashin bayan manyan tashoshin wuta na duniya, ƙananan kuma suka ci gaba da zama a masana'antu ba tare da kowa ya damu da su ba.

Dalilin da ya sa wutar wannan ƙaramar farfela take da araha yana cikin lissafin zafi. Babbar tasha irin ta Egbin da ke Ikorodu a jihar Legas, mai injuna 6 na megawat 220 kowanne, tana ƙona gas ta tafasa ruwa, tururin ya juya farfela, sannan dole a sanyaya shi ya koma ruwa a sake mayar da shi tukunya. A wajen wannan sanyayawa ne fiye da rabin zafin da aka sayi gas dominsa yake tafiya cikin ruwa da iska. Wannan ba sakacin ma'aikata ba ne, ɗabi'ar zafi ce, kuma duk tashar tururi a duniya tana biyan wannan haraji. Masana'anta kuwa tana iya kauce masa, saboda zafin da tashar wuta ke zubarwa shi ne ainihin abin da ita take nema. Tururin da ya fito daga farfela bai zama shara ba, yanzu ma zai fara aikin da aka dafa shi dominsa. Shi ya sa a irin wannan tsari ake cin moriyar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na zafin makamashin, alhali tashar tururin da wuta kawai take yi da ƙyar take kaiwa kashi 40.

Bari a ƙaddara wani kamfani matsakaici da ke amfani da tan 10 na tururi a kowace awa, yana sauke shi daga bar 20 zuwa bar 4. Farfela mai sauƙin ƙira, mai ƙafa ɗaya, ba ta iya kama fiye da kimanin rabin ƙarfin da ke cikin wannan gangara, amma duk da haka za ta ba da wajen kilowat 350. Idan kamfanin yana aiki awa 6,000 a shekara, ya samu yunit miliyan 2 da dubu 100, irin yunit ɗin nan da ake saye a sa wa mita. Babban janaretan dizal mai lafiya yana ba da yunit 3 da 'yan kai daga kowace lita, don haka wannan wuta daidai take da dizal fiye da lita 600,000, wato kusan tanka 19 masu cin lita 33,000. Idan kuma da wutar gwamnati aka kwatanta, a watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit na masu rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, kuma a wannan farashi wutar farfelar ta haura naira miliyan 470 a shekara. Duk wannan daga wurin da a da bawul ne kawai yake huci.

Dillalan injuna sukan kira ta wutar banza, kuma nan ne ya kamata a fara taka musu burki. Bawul yana rage matsi ne kawai, zafin tururin yana nan daram. Farfela kuwa tana yagar wani abu daga zafin ta mayar da shi wuta, don haka tururin da ke fitowa daga cikinta ya ɗan fi rauni, wani lokaci har da laima. Domin tukwanen dahuwa su samu zafin da suka saba, dole a ƙara wa boila makamashi, a misalinmu kamar kashi 5 ko 6 cikin ɗari. Gaskiyar magana ita ce kowane yunit yana cin makamashin da bai kai rabin wanda janaretan dizal ke ci ba, kuma makamashin boila, ko gas ne ko baƙin mai ko buntu, ya fi dizal araha nesa ba kusa ba. Wannan riba ce mai kauri, ba ta bukatar a yi mata ƙarin gishiri. Mai jarin da aka ce masa kyauta ce, ranar da ya ga kuɗin gas ya ɗan hau zai ɗauka an yaudare shi, ya tsani abin da yake amfanarsa.

Abin da ke yanke hukunci a kan ribar, fiye da ƙirar injin da sunan ƙasar da aka ƙera shi, shi ne yawan awannin da tururi ke gudana. Shekara tana da awa 8,760. Kuɗin sayen farfela da janareta da kafa su ɗaya ne, ko sun yi aiki awa 7,000 ko awa 2,000, kuma kuɗin ruwan banki ba ya hutun Lahadi. Kamfanin da muka ƙaddara, idan aikin rana kawai yake yi, ana kashe boila da magariba, a rufe a lokacin da kayan aiki suka yanke, wutarsa za ta sauko zuwa yunit 700,000, kuma shekarun mayar da uwar kuɗi su ninka sau uku. Akwai kuma batun daidaiton gudu. Farfela tana son tururi mai tafiya bai ɗaya. Idan aikin masana'anta na tashi da faɗuwa ne, a buɗe tukunya a zuba, a jira, a sake buɗewa, kamar yadda ake yi a gidajen rini da ƙananan wuraren turara shinkafa, to farfelar da aka auna da lokacin cunkoso za ta wuni tana juyi rabi da rabi, inda ingancinta ke zubewa ƙwarai. Injiniya mai tsoron Allah yakan sa mita a bututu na wasu watanni, ya auna injin da tururin da ba ya yankewa, ya bar ragowar ya bi ta tsohon bawul. Injin zai fito ƙarami fiye da yadda maigida ya so, kuma shi ne zai biya kansa.

Daga nan ake faɗawa tarkon da ya fi cin kuɗin mutane. Mai masana'anta ya ga wuta ba ta isarsa, dizal ya gallabe shi, sai ya ce tunda farfela tana ba da kilowat 350, me zai hana a ƙara babbar boila a samu 1,000, ragowar tururin a sanyaya shi kawai? Da zarar ya yi haka ya bar sahun masu tsintuwa ya koma ƙaramar Egbin, yana biyan harajin sanyayawa, ga shi kuma ba shi da girman Egbin da zai rage masa raɗaɗi. Ƙaramar tashar tururi mai yin wuta zalla sau da yawa ba ta mayar da ko kashi 20 cikin ɗari na zafin makamashinta wuta, alhali janaretan dizal yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hanya ɗaya ce ke fitar da irin wannan tasha kunya, wato idan makamashin nata ne, yana tare a tsakar gida, har ma kuɗi ake biya a kwashe shi.

Nan ne rake ya shigo, domin babu sana'ar da ta nuna wannan lissafi a fili kamar ta sukari. Masu mazarƙwaila na ƙasar Maƙarfi sun daɗe da sanin cewa rake yana zuwa da itacen dafa kansa: a matse shi, a shanya tuƙar, a hura ta ƙarƙashin kasko. Babban kamfani ma haka yake yi. Kowane tan na rake yana barin tuƙa wajen kilo 280 zuwa 300, rabinta ruwa, kuma ta fi ƙarfin abin da dahuwar sukari ke bukata. Shekaru da yawa kamfanonin sukari na duniya da gangan suke sayen tukwane marasa inganci, masu matsin da bai wuce bar 20 ba, saboda burinsu shi ne su rabu da tuƙar kada ta cika musu fili ta kama wuta. Ba jahilci ba ne. Babu mai sayen rarar wuta, to don me za a kashe kuɗi a samar da ita? Irin wannan kamfani yana yin wutar da zai ci kawai. Wanda ya sa tukunya mai matsin bar 60 zuwa sama yana iya fitar da kusan yunit 100 na sayarwa daga kowane tan na rake, bayan ya ɗauki nasa. Raken bai canza ba, tuƙar ma haka. Abin da ya raba su shi ne ko akwai kasuwa a bakin ƙofa.

Kasuwar nan kuwa doka ce ke buɗe ta. A Amurka, kafin 1978, kamfanonin wuta suna iya ƙin sayen rarar masana'antu, ko su tsawwala musu kuɗin wutar ko-ta-kwana har su haƙura. Dokar PURPA da aka yi a wannan shekara, zamanin Shugaba Jimmy Carter, ta tilasta musu saye a kan farashin da su da kansu za su kashe da su ne suka samar da wutar, kuma bayanta masana'antu masu tururi suka yi ta kafa farfeloli. Tsibirin Morishiyos da ke tekun Indiya, wanda ba shi da man fetur ko kwal, ya ƙaddamar da shirin wutar tuƙar rake a 1991, kuma a shekarar 2000 aka buɗe tashar Belle Vue mai megawat 70, da tukwane masu matsin bar 82, a jikin kamfanin sukari. An yi shekaru tuƙar rake tana ba tsibirin fiye da kashi 10 cikin ɗari na wutarsa. A Birazil kuma sa'a ce ta haɗu da tsari, domin a yankin da ya fi noman rake ana yanka ne daga Afrilu zuwa Nuwamba, lokacin rani a can, daidai sa'ad da ruwan madatsu ke ja da baya kuma wuta ke tsada. Sai dai kada a ɓoye aibin misalin Morishiyos. Rake ba ya shekara ana matsarsa, kuma don kada tasha mai tsada ta yi wata shida a kwance, kwal ake shigowa da shi daga waje a ƙona idan kaka ta wuce. Matsalar awanni ce ta sake ɓullowa, aka biya ta da hayaƙi.

A ƙasashenmu akwai wuraren da wannan lissafi ya shafa kai tsaye: kamfanin sukari na Savannah a Numan, da na Sunti kusa da Mokwa wanda aka buɗe a 2018, da tsohon na Bacita, da Kenana na Sudan da aka kafa a 1975 a gefen Farin Nilu. Tambayar ba ta ƙarancin masu bukatar wuta ba ce, a Najeriya, ƙasar da mutum fiye da miliyan 200 ke rabon megawat 4,000 zuwa 5,000. Tambayar ita ce wa zai saya ya kuma biya. Tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013 sun daɗe suna kasa biyan cikakken kuɗin wutar da suke karɓa, kuma babu bankin da zai ba da bashin tukunya mai bar 80 a kan alkawarin mai saye irin wannan. Dokar wutar lantarki ta 2023, wadda ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ta buɗe wata ƙofa, musamman ta sayar wa maƙwabta kai tsaye, masana'anta ga masana'anta ko ga garin da ke kusa. Amma har sai an ga kwangilar da ake biya wata bayan wata, mai hankali zai auna farfelarsa da wutar da shi kansa yake ci, domin yunit ɗin da ya hana shi sayen dizal shi ne kuɗi a hannu.

Shinkafa ta fi kusa da yawancin masu karatu. Buntu kusan kashi ɗaya ne cikin biyar na nauyin shanshera, kuma duk wanda ya bi ta Kura ko wasu garuruwan Kabi ya ga tsibinsa yana cin wuta a hankali a gefen hanya. Babban kamfanin da ke turarawa da busarwa ba dare ba rana yana da duk sharuɗɗan nan uku a wuri guda: tururin dole, makamashin gida, da awanni masu yawa, muddin shanshera ba ta yanke masa ba. Sai dai buntu yana da hali. Kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce mai yashi, tana cin bututun boila kamar sandfefa, kuma tukunyar da ba don shi aka ƙera ta ba ba ta daɗewa.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce, ga faifan sola ya yi araha, ba ya juyi, ba ya son mai gadi? Maganar tana da ƙarfi, kuma ga kamfanin da aikin rana kawai yake yi, sola ce ta fi, babu gardama. Amma rana a arewacin Najeriya, duk da ƙarfinta, idan aka tattara ta ba ta wuce kamar awa 5 zuwa 6 na cikakken aiki a yini, kuma ajiye wutar a batir don aikin dare yana ninka kuɗin. Farfela tana ba da wuta ne a daidai lokacin da masana'anta ke aiki, ko ƙarfe biyun dare ne ko tsakiyar hazon hunturu, tunda tururin da ke juya ta shi ne alamar ana aiki. Saboda haka kamfanonin da farfela ta dace da su su ne waɗanda sola ba ta iya ɗauke musu dare, kuma babu abin da ya hana rufin kamfani ɗaya ya ɗauki faifai alhali farfela tana juyi a ƙasa.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na kulawa. Ita kanta farfelar ba ta da rigima, tana iya shekara 20 ko fiye idan ana duba man ta da bearin ɗinta. Ruwa ne maƙiyinta. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri da ƙasa, idan ba a tace shi da kyau ba, yana barin ɓawo a cikin boila, ya bi tururi ya manne a fukafukai, kuma ɗigon ruwa a cikin tururi yana sassaƙe ƙarfen da ke juyi sau dubbai a minti. Tukunyar dahuwa tana yafe irin wannan sakaci, farfela ba ta yafewa. Don haka albashin ƙwararren mai kula da boila da kuɗin magungunan ruwa dole su shiga lissafi tun farko, kuma ƙwararrun sun yi ƙaranci tun da masaƙun Kakuri da na Kano suka durƙushe, waɗanda a da su ne makarantar wannan aiki. Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da mu. Janareta mafi araha da ake haɗa wa ƙananan farfeloli yana jingina ne da layin gwamnati, idan an ɗauke wuta shi ma sai ya tsaya. A Turai wannan ba abin damuwa ba ne. A Sharaɗa ko Bompai na Kano kuwa, injin da ke mutuwa tare da wutar gwamnati ya rasa rabin amfaninsa, dole a sayi mai iya tsayawa da ƙafarsa, wanda ya fi tsada.

Saura kuɗi, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Injin daga waje yake zuwa, Indiya ko Caina ko Jamus, da dala ake biya, ga naira ta faɗi warwas tun da aka sake ta a watan Yunin 2023, kuma a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. A irin wannan yanayi aikin da zai ɗauki shekara biyar kafin ya mayar da jari ya mutu tun a takarda. Sai dai faɗuwar nairar da ta tsadar da injin ita ce kuma ta tsadar da dizal, kuma injin sau ɗaya ake sayensa, dizal kuwa kowane mako. Abin da ya fi rage nauyin shi ne lokacin yanke shawara. Ɗora farfela a kan tsohuwar boila mai bar 10 ba ya ba da abin kirki, tunda gangarar ba ta da tsawo, sauya boila mai lafiya don farfela kawai kuma asara ce. Ranar da ake sayen sabuwar tukunya, ko don an faɗaɗa aiki ko don tsohuwar ta gaji, ita ce ranar da bambancin kuɗi tsakanin mai bar 10 da mai bar 40 yake ƙanƙane idan aka gwada shi da wutar da zai haifar na shekara 25. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, idan gas ɗinsa ya wadata a unguwannin masana'antu, kamfanoni da yawa za su sauya tukwanensu cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma matsin da kowannensu ya rubuta a takardar oda shi zai zauna da shi har tukunyar ta tsufa.